Hoton Surukina Daga Taku Bakwai

Ni dai ba don mutane na sayi kyamara ba. Mutane sun ishe ni. Malamin makaranta ne ni, labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a Barnawa, kullum daga safe har azahar fuskoki ne a gabana, wasu na hamma, wasu na hararata kamar ni na hana su barci jiya. Abin da nake so shi ne kogi. Ran Asabar in na idar da sallar asuba sai in rataya jaka in gangara bakin kogin Kaduna, in nemi dutse in zauna, in jira rana ta fito. Da damina ruwan ya cika ya yi jajawur. Da rani duwatsu su fito, masu wanki su shanya kaya a kansu, masu lambu suna ban ruwa a gefe. Duk wannan nake so in tattara a hoto ɗaya, har da sararin saman da ke bisansa.

Da Allah ya hore mini kyamara ta hannu, sai aka kwatanta mini wani tsohon mai hoto a Unguwar Boro. Mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar bikin aure da suna da taron coci, kuma ba wanda ya kai shi tara tsofaffin kayan hoto a wannan yanki. Kowa Oga yake ce masa, ni ma haka na bi. Shi ya fara gaya mini cewa kyamara gangar jiki ce kawai, gilashin da ake ɗaurawa a bakinta shi ne ido. Ya jera mini guda uku a kan tebur. Kowanne da lambarsa, kuma da lambar masu sana'ar ke kiransu. Mai ƙaramar lamba yana kwaso wuri da faɗi. Mai babbar lamba kuwa yana tsuke wuri, amma yana jawo abin da ke nesa ya kawo maka shi kusa.

Na ɗaura mai lamba sha shida, na leƙa ta ƙofar shagon. Kai! Titi gaba ɗaya ya shigo, da mai shayi, da keke Napep uku, da bishiyar mangwaro tun daga gindi har ƙololuwa. Na ce wannan nake so.

Oga ya ce, "Tica, kai fa mai iyali ne. Wata rana za a ce ka ɗauki mutum."

Na ce, "Oga, mai son hotonsa ya ɗauki kansa da waya. Ni kogi na zo nema."

Ya yi dariya ya naɗe mini shi a tsumma. Shekara biyu na yi ina jin daɗin gilashin nan, kuma wallahi har yau ban ce na yi kuskuren sayensa ba.

Sai ga maganar surukina ta taso. Mahaifin matata a Makera yake zaune. A masaƙa ya yi ƙuruciyarsa, da aka rufe ta ya koma gyaran keken ɗinki a zauren gidansa. Bayan rasuwar matarsa, ga ciwon ƙafa ya matsa masa, sai ya yanke shawarar komawa garinsu can gaba da Funtuwa, wurin ƙanensa. An yi lallashi an gaji. Shi in ya ce zai yi abu, to an gama. Saura mako uku ya tashi matata ta same ni ina goge kyamara, ta zauna a hannun kujera, abin da ba ta saba ba.

Ta ce, "Malam, ina so ka ɗaukar mini hoton Baba."

Na ce ai akwai hotonsa. Ta ce wanne, na katin masaƙa? Na san shi kuwa. Wani ɗan mitsitsi ne da ya koɗe, ya zaro ido a ciki kamar wanda aka kama da akuyar mutane.

Ita 'yar fari ce. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce yarinyar nan. Ƙannenta su hau cinyarsa su ja gemunsa, ita kuwa ko tabarma ɗaya ba su taɓa haɗawa ba. In ta durƙusa ta gaishe shi, yana amsawa ne idonsa na kan aikinsa, ita ma nata na ƙasa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka, kunya ce irin ta mutanen da. Amma ranar ta faɗi abin da ya tsaya mini a rai.

"Wallahi in ka ce in kwatanta maka idonsa, ban iya ba. Ban taɓa kallonsa sosai ba. Yanzu ga shi zai tafi, Allah kaɗai ya san sau nawa zan ƙara ganinsa. Ina son hoto ɗaya da zan zauna in kalla iya son raina, ba wanda zai ce na yi rashin kunya."

Na bugi ƙirji na ce an gama. Ni da nake ɗaukar kogi sukutum, fuskar tsoho ɗaya ce za ta gagare ni?

Ta aika gwaggonta ta nemi izini, ya yarda da ƙyar. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka je, yana sanye da farar riga da hula zanna, zaune a kan buzu a zaure. Na cire takalmi, na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba durƙusawa shekara goma sha biyu, na gaishe shi. Sannan na ɗaga kyamara na leƙa. Ina! Zauren duka ya shigo, da kawunan kekunan ɗinki a jere, da buta, da takalman mutane, shi kuwa Baba yana can tsakiya ɗan ƙarami kamar an ajiye tulu. Na matsa. Bai isa ba. Na ƙara matsawa da gwiwa. Haka na yi ta jan jiki har bakin gilashin ya zo daidai hancinsa, tsakaninmu bai fi kamu biyu ba.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zuwa kusa da shi haka ba. Ina jin ƙanshin turarensa, ina jin numfashinsa. Shi kuma ya sandare, ya tsuke baki, ya ɗaga ido ya kafe wa rufin zaure. Na danna sau uku na ja da baya da sauri, har na tuntsurar da butar.

A gida na nuna mata a bayan kyamara. Hanci ya kumbura ya cinye rabin fuska, hula ta ƙanƙance ta koma can baya, kunnuwa sun ɓace. Ga ido a sama kamar mai jiran a yi masa allura. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan ba babana ba ne."

Maimakon in ce na ɓata, sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce to wane ne, makwabcinsa? Na ce kyamara ba ta ƙarya, abin da ta gani shi ta ɗauka, in ba ta so ta je ta nemi wanda ya fi ni. Da ta rama da na ji sauƙi. Sai kawai ta miƙo mini kyamarar da hannu biyu ta shiga kicin. Na zauna ina jin ƙarar wanke kwanonin da na san a wanke suke, kunya ta rufe ni.

Washegari na tafi Unguwar Boro. Oga ya kalli hoton ya kama dariya har tari ya sarƙe shi.

"Haba Tica! Me dattijon nan ya yi maka? Ya ba ka 'yarsa, ka saka masa da wannan hanci?"

Na ce ba dariya na zo a yi mini ba. Ya karɓi kyamarar, ya kawo ta dab da fuskata ya danna, ya juyo mini da ita. Na ga kaina, na ce a'uzubillahi. Ya ce to ka gani, gilashi mai faɗi in ka kusanto da shi, abin da ya fi kusa da shi yake kumburawa, kuma a fuskar mutum ba abin da ya riga hanci isowa. Ya ce ba laifin gilashin ba ne, aikin da ba nasa ba na sa shi.

Na ce to wanne zan nema, mai lamba hamsin ko tamanin da biyar? Don na ɗan yi karance-karance a waya kafin in zo. Ya ce in ajiye lamba tukuna.

"Surukinka ne, ko? In ka je gaishe shi, a ina kake tsayawa?"

Na ce a bakin ƙofa. Ya jawo wata 'yar kujera ya zauna a ƙuryar shagon, ya gyara zama ya haɗe rai, ya ce, "To ni ne shi. Shigo ka gaishe ni." Na ce Oga wasa kake. Ya ce ba wasa, har takalmin in cire. Haka na fita na sake shigowa, ni da furfurata, na durƙusa a inda jikina ya ba ni, mai shagon kusa tana leƙe tana dariya. Ya tashi ya taka daga kujerar zuwa inda nake yana ƙirgawa. Taku bakwai.

Ya ce, "Mu ma haka muke da surukai a wajenmu, na san abin. In ka wuce nan, kai ba ka da natsuwa, shi ba shi da natsuwa, kuma duk abin da ke cikin mutum sai ya fito a hoto. Kar ka nemi gilashin da zai kai ka wurinsa. Nemi wanda zai kawo maka shi nan inda kake."

Ya koma kujerar, muka yi ta gwadawa ina durƙushe. Mai hamsin ya kwaso shi da rabin shago. Mai tamanin da biyar ya matso, amma da saura. Sai ya buɗe wata akwatin ƙarfe ya ciro wani tsoho mai nauyi, fentin jikinsa duk ya goge, lambarsa ɗari da talatin da biyar. Ba ya saita kansa, sai ka murɗa da hannu. Na ɗaura na leƙa, dishi-dishi. Na murɗa a hankali, sai ga Oga ya fito tun daga ƙirji har kai, hancinsa daidai, kunnuwansa a wurinsu, tarkacen da ke bayansa duk ya narke ya zama launi kawai. Na ce shi ke nan, ara mini shi na kwana biyu.

Ya ce ba ya ba da aron gilashi. Ya taɓa yi, aka dawo masa da shi da yashi a ciki, ya rantse ya daina. Amma matan zumunta na cocinsu sun dame shi, in sun jeru da anko ba sa shiga hoto ɗaya, ga cocin ba wurin ja da baya. Mai faɗi yake nema. In na yarda mu yi musaya, in ba shi nawa ya ba ni nasa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ashe dama gilashina yake hari tun da na shigo. Na kwashi kayana na fita ko sallama ban yi ba, yana kirana Tica, Tica, ban waiwaya ba.

Da safe na gangara kogi. Ranar kuwa kamar da gayya, gari ya yi kyau, ruwa ya kwanta, gajimare ya jeru. Na zauna a kan dutsena na ɗaga kyamara, na sauke. Na sake ɗagawa. Ina da hotunan kogin nan sun fi a ƙirga, kuma in Allah ya kai mu baɗi yana nan inda yake. Tsohon kuwa saura mako biyu da 'yan kwanaki ya shiga mota. Ban ɗauki komai ba ranar. Na kwance gilashin na goge shi tas, na naɗe a tsummansa, na hau keke zuwa Unguwar Boro. Ba zan ɓoye ba, da na miƙa masa sai da na ji kamar in fizge abina.

Oga bai yi mini gori ba. Ya ce in je in koyi hannu kafin in sake kunyata kaina. Haka na yi. Na ɗauki akuyar makwabta, na ɗauki mai gyaran takalmi na bakin layinmu, na ɗauki ƙofar gida har matata ta fara tambaya ko lafiya. Gilashin nan ba ya yafe rawar hannu, motsi kaɗan hoto ya dagule. Sai na gano in na durƙusa na kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, kyamarar tana tsayawa cak. Wata Asabar ma na koma kogi da shi ina gunaguni, ina cewa me zan samu da wannan tsukakken ido. Sai na hango wani masunci can tsakiyar ruwa yana jefa birgi. Shekara biyu ina ɗaukar wurin nan, ashe yana ciki, ɗigo ne kawai ban taɓa lura da shi ba. Ranar na ga har facin da ke jikin rigarsa, na dawo gida da fara'a.

Saura kwana biyu Baba ya tafi muka koma Makera da hantsi. Matata ta shige ciki wurin ɗaure kaya. Shi yana bakin zaure ta wajen tsakar gida, inda haske ke shigowa a gefe, sanye da tsohuwar rigar aiki, yana ƙarasa gyaran keken wata mata da ya yi wa alkawari. Na durƙusa a wurina na gaishe shi. Na ce, "Baba, a yi mini izini in sake hoton nan."

Ya ce, "Ba an yi ba?"

"Na ɓata ne, Baba. Amma yau daga nan zan yi, ba zan matso ba. A ci gaba da aiki kawai."

Ya ce to, da wata murya da ke nuna ya gaji da shirmen yaran zamani. Da farko ya ɗan ƙame. Da ya ga ban motsa daga inda nake ba, sai wani ƙaramin noti ya ƙi kwantuwa, hankalinsa ya koma can, ya manta da ni.

Na leƙa, na murɗa, fuskarsa ta fito. Ni ma ashe ban san ta ba. Ga zane uku-uku a kumatunsa da tsufa ya kusa shafewa. Ga furfura a girarsa. Ƙafar tabaraunsa ɗaya ta karye ya ɗaure da baƙin zare, ɗauri mai kyau irin na wanda ya san zare. In yana ƙoƙarin abu yana ɗan cije leɓen ƙasa, daidai yadda matata ke yi in tana zura zare a allura. Ko ta cikin kyamarar sai da na ji kunyar kallonsa haka, amma ban sauke ba. Na ɗauki kamar guda goma, masu kyau, kowanne idonsa na kan keke.

Sai matata ta fito da kwanon kunu. Ta durƙusa nesa kaɗan ta ajiye, ta ce ga kunu Baba. Ya ce madalla, bai ɗago ba. Ta tashi ta juya ta nufi ciki. Tana ba da baya ya ɗaga kai, ya bi ta da kallo ta saman tabarau. Fuskar nan gaba ɗaya ta saki. Bakin ya yi laushi kamar zai yi murmushi, idon ya ciko. Ban yi tunanin komai ba, yatsana ne ya danna. Kafin in sake dannawa ya mayar da kai kan aikinsa.

Ban nuna mata a kyamara ba. Na wuce wurin Oga muka wanke shi babba. Da takardar ta fito ya riƙe ta ya daɗe yana kallo, daga baya ya ce in je in kai mata kafin ya canza shawara ya rataye a shagonsa.

Ta karɓa tana tsaye a tsakar ɗaki. Ta kalla, ta nemi wuri ta zauna, ta ci gaba da kallo. Ta kai yatsa kan zaren tabaraun, ta ce ita ta sha cewa a saya masa sabo ya ƙi. Can ta ce, "Wa yake kallo haka?"

Na ce, "Ke."

Ta ce in daina wasa. Na ce wallahi ita ce, lokacin da ta ajiye kunu ta juya. Ta ce ai ko ɗagowa bai yi ba. Na ce ya ɗago, ke ce ba ki da ido a ƙeya. Sai ta rufe baki da gefen mayafi ta fashe da kuka, irin kukan da ban ji ta yi ba ko a rasuwar mahaifiyarta, tana yi tana dariya, tana cewa ashe haka idonsa yake. Ni ma na juya na kama goge gilashin da ba abin da ya same shi.

Ranar tafiya muka yi sammako. An cika mota da kaya, kekensa ɗaya da ya ƙi rabuwa da shi an ɗaure a sama. Makwabta sun fito sallama. Na samu ya keɓe a zaure, na durƙusa na tura masa ƙaramin kwafin hoton a ambulan. Ya buɗe, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa. Na san ya gane lokacin da aka ɗauka, kuma ya san na gani. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa.

Ya mayar da hoton ya sa a aljihun gaba. Ya yi gyaran murya.

"Malam, abin nan naka. Daga nesa yake ɗauko mutum, ko bai sani ba?"

Na ce, "Haka ne, Baba. A yi haƙuri."

Daga inda muke ana hango ƙofar gida, matata na tsaye jikin mota tana yi wa direba faɗa a kan yadda ya danne buhun kwanoni. Bai kalli wajen ba. Ya rage murya har sai da na kasa kunne.

"Yarinyar nan. Ka ɗauko mini ita. In ka wanke ka ba direban nan ya kawo mini. Ba sai ta sani ba."

Na ce to, Baba. Ya dafa bango ya miƙe, ya juya mini baya, ya kama kwance igiyar wani ƙunshi yana sake ɗaurewa. Ni kuma na gyara durƙuso, na kafa gwiwar hannu, na ɗaga kyamara, na fara murɗa gilashin a hankali har fuskarta ta fito.